Jami'ar Tawa: A Ba Keke Rumfarsa Kafin A Share Wa Mota Fili

Idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidajen da ƴaƴansu suka ci a Madawa da Buza da Keita sukan cika da guɗa da ƴan barka. To amma kafin mako ya zagayo, sai uwa ta koma ta zauna da lissafi: kuɗin rajista, hayar ɗaki a Tawa, buhun hatsi, katifa, takardu da kuɗin mota. Akwai kuma wani kuɗi da ba a cika sa shi cikin lissafin farko ba, alhali kuwa shi ne ke cin aljihu kullum kamar gara, wato kuɗin zuwa makaranta da komowa. Mai sayar da albasa a Madawa, da mai tuyar ƙosai a Buza, da mai shagon atamfa a Tamaske, duk sun san wayar nan da ake bugowa ƙarshen mako: "Inna, kuɗin kabu-kabu sun ƙare."

Wannan ne ya sa a yau muka ga ya dace mu tattauna da ku, ƴan kasuwa maza da mata, a kan wani tsohon abokin talaka da aka yi watsi da shi, wato keke. Maganarmu ita ce, duk lokacin da hukumomin jami'a da na birnin Tawa suka zauna tsara yadda ɗalibai za su riƙa zuwa karatu da inda za a riƙa ajiye ababen hawa, to a sa keke cikin tsarin tun daga farko, a ba shi rumfa da hanya da mai gadi, kamar yadda ake yi wa motocin manya tanadi.

Jami'a ta matso, amma tafiya ba ta ƙare ba

Shekara da shekaru ƙasarmu jami'ar gwamnati guda ɗaya gare ta, wadda ke Yamai, da aka sa wa sunan Abdou Moumouni a 1992. Ɗan Adar da ya ci bak dole ya ɗauki hanyar Yamai, wajen kilomita 550 daga Tawa. A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyar da fasaha da ake kira IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 kuma aka mai da su cikakkun jami'o'i. A 2014 aka ƙara wasu 4 a Agadas da Diffa da Doso da Tillaberi. Ta Tawa yanzu tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin tarihin nan da ya yi rubutu mai zurfi a kan Adar kafin zuwan Turawa. A cikinta ana karanta shari'a da tattalin arziki da sarrafa dukiya, da ilimin koyarwa, da ilimin noma.

Babu shakka wannan ci gaba ne, domin ɗiyar Keita ko ɗan Karofan yanzu yana iya zuwa gida hutu ba tare da ya kwana a hanya ba. Sai dai kamar sauran jami'o'inmu, ba duk ɗalibi ke samun gado a gidan kwanan ɗalibai ba. Da yawa haya suke kamawa cikin unguwanni, su uku ko su huɗu a ɗaki guda, wasu kuma su sauka gidan dangi. Daga nan kowace safiya sai an san yadda aka yi aka isa aji. Hukumar CROU, mai kula da ci da kwana da sufurin ɗalibai, ita ke da alhakin motocin ɗaukar su, amma kowa ya san halin mota: tana da lokacinta, tana da iyakar mutanen da za ta ɗauka, tana shan mai, kuma ranar da ta lalace sai a jira kayan gyara. Wanda mota ta bari, ko dai ya taka da ƙafa cikin rana, ko ya tsai da ɗan kabu-kabu.

Mu yi lissafi irin na kasuwa

Ku ƴan kasuwa ne, don haka bari mu yi magana da alƙaluma. Mu ƙaddara ɗan kabu-kabu yana karɓar sefa 200, wato dala 40, a kowace tafiya. Zuwa da komowa sefa 400 ke nan a rana. Idan ana karatu kwana 6 a mako, an kashe 2,400. Idan shekarar karatu ta ɗauki mako 36, kuɗin sun kai sefa 86,400, wato jika 86 da ɗoriya. Wannan fa idan ɗalibi sau ɗaya yake fita a rana. Idan yana komawa gida cin abincin rana ya sake dawowa darasin marece, sai ku ninka. Karatun digirin farko kuwa shekara 3 ne idan ba a maimaita aji ba. Kowa ya sa kuɗin da ake biya a unguwar da ɗansa yake, sannan ya shiga kasuwa ya tambayi farashin keke mai ƙwari, sabo ko na hannu, ya gwada su. Mun tabbata za ku ga cewa keke yakan biya kansa tun karatun bai yi nisa ba, kuma bayan an gama ga shi nan ƙane ya gada.

Wani zai ce ai ɗalibai suna da bursu. Gaskiya ne wasu suna samu ta hannun hukumar ANAB, amma ba kowa ba, kuma jinkirin biyan bursu yana cikin abubuwan da suka daɗe suna haddasa yajin karatu a ƙasar nan. Duk watan da aka yi jinkiri, a kan tiren uwa da shagon uba nauyin ke komawa.

Wanda kuma ya ce zai saya wa ɗansa moto, to ya tuna da mai. A watan Mayun 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, sai man bumburutu da garuruwanmu na kusa da iyaka, irin su Ƙonni da Madawa, suka daɗe suna dogaro da shi ya yi tsada. Jama'a suka koma gidajen mai, nauyi ya ƙaru a kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, amma a watan Maris na 2025 duk mun ga dogayen layuka a gidajen mai. A irin waɗannan ranaku mai keke bai san ana yi ba. Mai tafiya da ƙafa yakan ci wajen kilomita 5 a awa guda, mai keke kuwa ba tare da ya wahalar da kansa ba yakan ci wajen 15. Tafiyar awa guda ta koma ta minti 20.

Me ya sa aka bar keke?

Dattawanmu sun san lokacin da keke Raleigh ko Phoenix yake abin alfahari, malamin makaranta da ma'aikacin gona da ɗan koli duk shi suke hawa. Daga shekarun 2000 motoci masu ƙafa biyu na Sin da Indiya suka cika kasuwa da araha, sai keke ya zama abin hawan yara da na wanda bai da hali. Matashin da ya shiga jami'a yana jin kunyar abokansa su gan shi yana tuƙa keke.

To amma ba kunya kaɗai ba ce. Mai keke yana da tsoro guda uku na gaskiya. Na farko ɓarawo, domin keke ba ya da nauyi, ɗauka ɗaya ake yi masa. Na biyu hanya, domin a kan gudron guda yake gogayya da manyan motocin kaya da ƴan kabu-kabu masu gaggawa. Na uku rana da rairayi da ƙaya, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Idan muka duba da kyau, duk ukun nan ba laifin keke ba ne, rashin tanadi ne. Kuma tanadi shi ne aikin masu tsari.

Abin da wasu suka yi

Ba sai mun je nesa ba. Birnin Wagadugu na Burkina Faso yana da zafi da ƙura irin namu, amma duk wanda ya je sarin kaya can ya ga yadda maza da mata, tsofaffi da ƴan makaranta suke hawan keke ba tare da wani ya kalle su ba. Mata masu kayan lambu a kan keke suke ɗaure kwandunansu su shigo kasuwa da asuba. A manyan titunan birnin an ware wa masu ƙafa biyu hanyarsu a gefe, har da babban titin da ya wuce ta gaban jami'ar Joseph Ki-Zerbo, wanda aka sauya wa suna zuwa Thomas Sankara a 2023. A bakin kasuwanni da makarantu da asibitoci kuma akwai masu gadin kekuna da motoci, ka ajiye, a ba ka ƴar takarda, ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje.

A Amurka akwai wata jami'a a garin Davis na jahar Kalifoniya, wadda ta samo asali daga makarantar koyon noma, kuma garin yana da zafi ƙwarai lokacin bazara. Shugabanta na shekarun 1960, Emil Mrak, ya umurci masu zanen gine-gine su tsara masa jami'a mai itatuwa wadda za a riƙa yawo cikinta da keke. A 1967 garin ya shata wa kekuna hanyarsu a kan titi, aka kuma hana motoci shiga tsakiyar jami'ar. A 1971 ɗalibai da kansu suka buɗe wurin gyaran keke a cikin makarantar. Abin lura a nan shi ne, an yi wannan tsari ne tun jami'ar tana girma, kafin a cika fili da gine-gine. Jami'ar Tawa ma yarinya ce, yanzu take ginuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abubuwa 5 da muke so a sa cikin tsari

Na farko, rumfa mai inuwa da mai gadi. Filin da ake shata wa mota guda, faɗin mita 2 da rabi da tsawon mita 5, yana ɗaukar kekuna 8 zuwa 10. Wato wurin da za a ajiye motoci 10 na mutum 10, zai ishi ɗalibai kusan 100. Rumfar kuma kada a kai ta can bayan katanga inda ba kowa. A yi ta kusa da ƙofar azuzuwa da ɗakin karatu da wurin cin abinci, inda ido ke gani. A kafa ƙarafa masu lanƙwasa a cikin siminti, waɗanda za a ɗaure jikin keken da sarƙa da kwaɗo, domin wanda ya ɗaure taya kaɗai yakan dawo ya tarar da taya kaɗai. Maƙeranmu da masu walda na Tawa za su iya wannan aiki ba tare da an yi odar komai daga waje ba. A buɗe littafi a rubuta lambar da ke jikin kowane keke da sunan mai shi, yadda idan an sace za a iya gane shi a kasuwa.

Na biyu, hanya. Wannan ya fi ƙarfin jami'a ita kaɗai, sai da hukumomin birni da na tsaron hanya irin su ANISER. Lokacin bikin Tawa Sakola na 18 ga Disamban 2017 birnin ya samu sabbin tituna. Abin da ya rage shi ne a duba hanyoyin da ɗalibai suka fi bi, a ware gefe guda da ɗan dakali ko duwatsun siminti, domin fenti kaɗai ba ya tsai da mota. A riƙa kwashe rairayin da iska ke tarawa a bakin gudron, domin shi ne ke tura mai keke tsakiyar titi. A sa tudun rage gudu da fitilu a mashigar jami'a, a kuma taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a kewayenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutane wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya da ƙafa ne da masu keke da masu moto, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 5 zuwa 29. Babu uwar da za ta yarda ɗanta ya hau keke idan ba a gyara wannan ba, kuma tana da gaskiya.

Na uku, inuwa. A nan kam ba mu da buƙatar malami daga waje. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya na gundumar Buza tare da ƙungiyar CARE, don kare gonaki daga iska. A 1984 aka fara babban aikin nan na Keita da tallafin ƙasar Italiya da hukumomin FAO da PAM, inda aka farfaɗo da ƙasar da ta mutu, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu suka haƙa ramuka mata ne, domin maza sun tafi cirani. Jikokin waɗannan mata su ne ke zaune a azuzuwan jami'ar Tawa a yau. Mutanen da suka tsai da hamada a kan duwatsun Adar ba za su kasa dasa itatuwa a gefen hanyar ƴan kilomitoci ba. Ga ɗaliban sashen noma, ga ranar 3 ga Agusta da muka saba dashen itatuwa kowace shekara.

Na huɗu, mai gyara. Ƙaya da tsidau ba su san ɗan jami'a ba. A ba masu faci wuri a bakin ƙofa, da famfon iska da kayan gyara irin su kaca da birki da taya. Ɗalibin da ya san idan tayarsa ta sace zai samu mai faci cikin minti 10 ba zai ji tsoron fitowa da keke ba.

Na biyar, hanyar mallaka. Ba kowane gida ke iya fitar da kuɗin keke a dunƙule ba. CROU tana iya sayen kekuna ta ba da haya na shekara, ko a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga bursu ga wanda ya amince. Ƙungiyoyin ƴan asalin Madawa da Buza da Keita mazauna Tawa da Yamai da ƙasashen waje su ma suna iya sa hannu, kamar yadda suke yi wajen ginin masallatai da azuzuwa.

Batun ƴan mata

Mun san akwai iyayen da za su ce namiji dai ya hau, amma budurwa a kan keke ba tarbiyyarmu ba ce. Muna girmama wannan damuwa, sai dai muna roƙon a auna. Wanne ya fi kusa da sutura: yarinya ta hau kekenta ita kaɗai da hijabinta, ko ta hau bayan namijin da ba ta sani ba sau biyu ko sau huɗu a rana? Wanne ya fi kwanciyar rai: tana da abin hawanta, ko ta tsaya bakin hanya bayan magariba tana jiran mai rage mata hanya? A garuruwanmu mata ma'aikata da malaman makaranta suna tuƙa moto, ba wanda ya ce sun yi abin kunya. Akwai keken mata wanda ba ya da sandar tsakiya, mai murfin kaca da ragar da ke hana zane ko hijabi shiga taya. Shi ya kamata masu sari su kawo.

A jahar Bihar ta ƙasar Indiya, wadda ke cikin mafi talauci a ƙasar, gwamnati ta fara ba ƴan matan da suka shiga aji na 9 kuɗin sayen keke a 2006. Masanan da suka bi diddigin shirin, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun gano cewa shigar ƴan mata makarantar sakandare a kan shekarunsu ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, tazarar da ke tsakaninsu da maza kuma ta ragu da kashi 40 cikin 100. Wannan darasi bai tsaya ga jami'a ba. Ɗiyar ƙauye da ke zuwa kwaleji ko lise a Madawa ko Buza ko Keita, wadda sau da yawa nisan hanya ke sa a cire ta daga makaranta, ita ma rumfar keke a makarantarsu za ta amfane ta.

Ƴan kabu-kabu fa?

Su ma ƴaƴanmu ne, da yawansu da wannan sana'a suka huta da zuwa cirani. Ba muna kira a hana su aiki ba. Mai kaya, da maras lafiya, da tsoho, da mai gaggawa, duk za su ci gaba da neman su. Hasali ma tsarin da muke magana ya kamata ya ba su tasharsu a bakin jami'a, a daina cunkoso a ƙofa. Haka motocin CROU suna nan da amfaninsu ga waɗanda ke unguwanni masu nisa, da naƙasassu, da ranar ruwa ko ƙura. Duk ɗalibin da ya koma keke, ya bar wa wani kujera ke nan a cikin mota.

Rabonku a ciki

Jama'a, wannan magana ba ta hukuma kaɗai ba ce. Iyaye mata, ku kuka san adashe, kuma tsarin asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991 yau har wasu ƙasashe sun kwaikwaye shi. Idan a ƙungiyarku akwai waɗanda ƴaƴansu ke ajin ƙarshe na lise, me zai hana a ware kwasa guda ta keke, a ɗauka kafin a koma karatu? Masu shaguna kuma ku lura, idan ɗaruruwan ɗalibai suka koma keke, kasuwar taya da kwaɗo da fitila da kwando ta buɗe, kuma wanda ya riga shi zai ci. Sai dai a kawo mai ƙwari, domin araha ba ta ado, keken da zai karye cikin wata 3 shi zai sa mutane su ce ai dama mun faɗa.

Sannan ku yi magana. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na iyayen ɗalibai suna da bakin da ake ji a wurin gwamna da shugaban jami'a da hukumomin birni. Idan an zo zancen sabon gini ko sabon titi, ku tambaya: ina rumfar kekuna, ina hanyarsu, wa zai yi gadi? Ƙungiyar ɗalibai ita ma, a cikin jerin buƙatunta na bursu da abinci da motoci, ta ƙara wannan. Malaman jami'a kuma idan biyu ko uku daga cikinsu suka fara zuwa aiki a kan keke, kunyar da matasa ke ji za ta ragu, domin na gaba ake kallo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Muna fatan wata ranar 3 ga Yuni mai zuwa ta tarar da rumfar farko a tsaye a jami'ar Tawa, cike da kekunan ƴaƴan Madawa da Buza da Keita.

Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya kare su a hanya, ya sa albarka a kasuwa. Amin.